Daminar da Muka Yi Gayyar Fetur

A da, idan aka ji kukan injin yankan itace tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ba sai an tambayi na wane ne ba. Masu shi 'yan kaɗan ne, kowa an san muryar injinsa. Man da ake haɗa masa da fetur kuwa sai an je Kano ko Zariya, a can ɗin ma sai ka san rumfar da za ka nufa. Yanzu ba haka ba ne. Ranar kasuwar da ta wuce ruwa ya tsare ni a rumfar wani mai kayan inji a Tudun Wada, na ga man haɗi jere a kanta, ja da kore da shuɗi, cikin 'yan ƙananan robobi, kowace da layin awo a jikinta. Mutane suna shigowa a jiƙe, su miƙa hannu su ɗauka ko dubawa ba sa yi, su ɗaure a bayan babur su wuce. Warin fetur ya haɗu da ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka, sai na tuna wata damina da ba na son tunawa.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi shekaru ina aikin katako a dajin kudancin Kamaru, na yi a ƙasar Yarbawa, na leƙa Gana. Abin da na dawo da shi bai wuce harsuna a baki da inji ɗaya a cikin buhu ba, sai robar man haɗi da na ɓoye a ƙasan akwati. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. A cikin fetur ake gauraya man da zai sa fistin ya yi santsi, su ƙone tare. In man ya yi kaɗan inji ya buga, in ya yi yawa ya turnuƙe ka da hayaƙi, filogi ya toshe. Nawa tsohon ƙira ne, gwangwanin madara ɗaya nake zuba wa galan ɗaya. Na yanzu rabin wannan ma ya ishe su. A Kamaru shugaban aikinmu ba ya yarda a haɗa mai sai a gabansa, ya shinshina fetur, ya murza man da yatsa, in bai yi masa ba ya zazzage ka da Faransanci. Yarbawa kuma kowane mai inji da jarkarsa, ko wanda suke ciki ɗaya ba ya taɓawa. Duk yawon da na yi ban ga inda ake tara man mutane a wuri ɗaya ba sai a garinmu.

Mahaifinmu ya rasu ina can, don haka na tarar da gida a hannun yayana Haruna. Gandu muke yi. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, abin da kowa ya samo na gida ne, mai gida ne ke da ta cewa a kansa. Injin nan da gumina na saye shi, amma tun ranar da na sauke shi a zaure ya zama injin gandu. Ban musa ba, haka muka taso muka gani.

Ruwa ya yaudare mu a wannan shekarar. Ya sauko da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke. Dawar da ta tsiro a tudu ta naɗe ganye ta ƙone muna kallo. Muka sake shuka da irin da ya kamata mu ci. Kafin ruwa ya zauna sosai, sai ka shiga rumbu da ƙafarka ka share ƙasansa kafin a sami na tuwo. Da safe kunu tsararo, a fita gona. Da rana mata su shiga bayan gari su yago tafasa da rama, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli-ƙulin da bai fi a ji ƙanshinsa ba. Tuwo sau ɗaya, bayan magariba, shi ma Inna mahaifiyarmu ce ke zama a kai ta raba, don kada wani ya ce an fifita 'ya'yan wani. Matan Fulanin da suka saba kawo nono su karɓi hatsi suka daina biyowa ta ƙofarmu, sun san babu. Zafin da ake yi tsakanin ruwa da ruwa irin mai danshi ne, riga ta manne maka a baya, ka sunkuya da fartanya ka ɗago ka ga duhu-duhu.

Abin da ya rage mana masara ce a fadama. Gonar tana kwance a gefen wani rafi, a wurin da yake matsewa tsakanin duwatsu biyu kafin ya gangara. Fari bai taɓa ta ba. Ta yi baƙi-ƙirin, ta fitar da kai, ta fara goyo. Kowa a gidan ya san kwanakin da suka rage kafin a fara gasawa, har yara sun daina tambaya, sai dai su je su tsaya a bakin gonar su dawo.

Sai aka yi wata iska da yamma, irin wadda ke zuwa gaban ruwa. Akwai wani tsohon maɗaci a bakin rafin, wanda mutum uku ba sa rungume shi. Ruwa ya daɗe yana cin ƙasar gindinsa. Iskar ta tuge shi da saiwa, ya faɗi a gicciye daidai matsin duwatsun. Da gari ya waye muka je muka tarar ciyawa da karare da yashi sun taru a jikinsa sun toshe ƙasa, ruwa ya rasa hanya ya koma baya ya shiga kunyoyin farko na masarar. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. In aka sake ruwa mai ƙarfi itacen nan yana wurin, fadamar za ta zama tafki.

Aka gwada gatari. Ɗanyen maɗaci, ga mutane babu abinci a ciki. Aka wuni ana sara, abin da aka ci a jikinsa bai fi a sa ƙafa a taka ba.

Shekarun nan ne da ake kwana a layin gidan mai. A Tudun Wada gidajen mai a rufe suke, sai 'yan bumburutu, su ma wasu sukan sirka da kananzir. Ina da ɗan fetur mai kyau da na riga na haɗa a jarkata, zai ishe ni rassa amma ba zai raba gangar jikin ba. Na ce wa Yaya Haruna ya ba ni keke in tafi da asuba in nemo fetur da kaina, in shinshina in saya, in dawo kafin la'asar. Ya ce hadari ba zai jira la'asar ba, kuma ba a taɓa yin abu ya fi ƙarfin gidanmu an tafi nema a wani gari ba alhali ga 'yan uwa. Gayya zai kira. Duk mai babur ko injin ban ruwa ya tsiyayo abin da ke cikin tankinsa.

Gayyarmu tana da wata al'ada da ban gani ba ko a Bebeji, inda dangin Inna suke. Akan ajiye babban masaki a gefe, duk wanda ya zo da gudummawar gari ko gero ya juye a ciki ya wuce. Ba a dubawa, ba a aunawa, ba a cewa wane ne ya kawo kaza. An yi haka ne don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya. Kuma abin da aka kawo ba a mayar wa mai shi, ko da tsakuwa ce ta fi yawa a ciki. Al'ada ce mai kyau ga hatsi. Na gaya wa Yaya fetur ba gero ba ne, a kawo mini zallansa kowa a kwalbarsa, ni zan duba in haɗa. Ya ce to, yana kallon wani wuri.

Washegari da hantsi mutane suka hallara a bakin rafi da gatura da igiyoyi. Ina zuwa na tarar an girke jarkata a kan dutse, baki a buɗe, da mazurari a kai. An mai da ita masaki. Na janye ta na sa tsakanin ƙafafuna, na ce duk mai kwalba ya miƙo. Na farko ya miƙo, na buɗe na kai hanci, na ɗiga a tafin hannu na ga ya bushe nan da nan, na karɓa. Na biyu ma haka. Na ji wani a baya yana cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an shinshina gudummawa ba. Wani ya ce ai haka ake yi a ƙasar Faransa, har gaisuwa sai an shinshina kafin a amsa. Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Ana cikin haka Malam Ilu ya iso. Surukin Yaya Haruna ne, mahaifin matarsa, kuma shi ke da injin niƙa a garin. Dattijo ne mai son a san ya zo. Ya taho da galan cike, ya fi na kowa yawa, yana riƙe da shi a gaba yadda kowa zai gani. Aka buɗa masa hanya. Ya ce ya hutar da ni, ya riga ya haɗa da mai tun a gida.

Na buɗe. Baƙi ne kamar ruwan kwata. Ƙonannen baƙin man da ya juye daga injin niƙansa ne ya zuba, wanda in ka murza a yatsa za ka ji garin ƙarfe. A ƙarƙashin wannan kuma ga warin kananzir. Irin wannan man ko a sarƙar inji ba na son sa shi, balle a cikinsa. Na rufe galan ɗin na ajiye a gefe, na ce, "Baba, an gode, Allah ya saka. Amma wannan ba zai shiga injin nan ba."

Ya dube ni, ya dubi mutane. "Audu, injina ya girmi naka, ya fi naka ƙarfi, shekara da shekaru wannan man yake sha. Naka ɗan sarki ne?"

Na ce ba irinsu ɗaya ba. Na fara bayani, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi bai iya Faransanci ba, a gaya masa da Hausa in kayansa ne ba a so ko shi ne ba a so. Ya juya kamar zai tafi, mutum biyu suka riƙe masa riga suna ba shi haƙuri.

Yaya Haruna ya matso kusa da ni. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce in karɓa. Na ce in na karɓa inji zai mutu a cikin itacen nan. Ya ce in ban karɓa ba, da wane ido zai shiga gidan surukinsa, kuma wa zai sake amsa gayyar gidanmu. Na ce masarar fa. Ya ce masara ta Allah ce.

"Yaya, ka bar ni in yi da wanda na tantance. In ya ƙare a ƙarasa da gatari."

"A gaban mutane za ka mayar wa Malam kayansa?"

"Ba mayarwa zan yi ba. Ajiyewa zan yi."

"Ɗaya ne."

Ya sunkuya ya zare jarkar daga tsakanin ƙafafuna. Da wani ne da na riƙe. Yayana ne, ga jama'a. Ya ɗauki galan ɗin Malam Ilu ya kafa a mazurari ya tuntsura har ɗigon ƙarshe, a kan feturina mai kyau, a kan man da na ɗauko tun daga Kamaru, a kan na mutanen da na riga na tantance. Ya girgiza jarkar ya dire a gabana. Sauran masu kwalabe suka biyo layi suna juyewa, ba wanda ya sake miƙo mini. Malam Ilu ya sami inuwa ya zauna.

Na duba gabas. Hadari ya fara haɗuwa, ƙasansa baƙi. Ba sauran fetur mai kyau a garin, ba lokacin zuwa nema. Na yaga gefen rawanina na tace abin da zan iya tacewa, na cika tanki, na ja igiya.

Ya tashi, amma ba da muryarsa ba. Hayaƙi ya fito baƙi mai kauri, yana shiga ido yana ɗaci a maƙogwaro. Na fara da rassa don ruwa ya sami hanya ko kaɗan. Ina yanka, mutane suna ja da igiya, ana ta hayaniya, har wasu suka fara cewa ga shi nan yana ci, dama tsoro ne irin na wanda ya daɗe a waje. Bai jima ba ya mutu. Na kwance filogi na tarar ya yi baƙi ya jiƙe, na goge na kankare na mayar. Ya tashi, ya sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Duk kwancewar da zan yi sai na ji idon mutane a ƙeyata, sai na ji Malam Ilu daga inuwa yana tambaya ko Bafaranshen ya gaji ne a kawo masa shayi.

Da na shiga gangar jikin, ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, na fara jin abin da nake tsoro. Wani ƙara siriri a ƙarƙashin kukan injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Jikinsa ya yi zafin da nake ji ta cikin hannun riga. Na sassauta, na ba shi hutu, na zuba masa ido. Iska ta fara kaɗawa mai sanyi, ganyen masara yana juyawa. Yaya ya ce in ci gaba. Na ci gaba. Na wuce rabin itacen, har na fara jin ya soma motsi, sai injin ya yi wata shaƙa ya tsaya cak. Na ja igiya, ta ƙi zuwa. Ya buga. Kafin in zare shi, itacen ya sauke nauyinsa ya matse takobin injin, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, a cikin tsagar.

Na fito daga ruwan. Malam Ilu ne ya fara magana. Ya ce shi dama tun da ya ga yadda nake riƙe da injin ya san ba da zuciya ɗaya nake aikin ba, na kashe shi ne don in kunyata shi. Na jira Yaya ya ce wani abu. Ya ce a ɗauko gatura.

An sara, ba zan ce ba a sara ba. Mutanen da suka yi mini dariya su ne suka shiga ruwa har ƙugu suna sara da cikin da babu komai. Ruwan ya sauko muna ciki. Irin wanda ba ya tsagaitawa, ya kwana ya wuni. Rafin ya cika ya haɗiye itacen da injin da ke maƙale a jikinsa, ya bazu cikin gonar. Da aka ɗauke muka je muka tsaya a tudu, kawunan masara kawai ake gani a saman ruwa. Ruwan ya daɗe bai janye ba. Da ya janye, ganyen ya yi rawaya, karan ya yi laushi, goyon da muke jira ya ruɓe a jikinsa. Warin yana zuwa har cikin gida in iska ta juyo.

Sauran daminar ba ta da daɗin faɗa. Aka sayar da awakin mata. Na tafi ƙwadago wajen Dangora da Yako, ina noma gonar wasu a biya ni da hatsi, in ɗauro a keke in kawo. Ni da Yaya muna cin tuwo a akushi ɗaya ba mai kallon wani. Matarsa ta daina gaishe da matata. A masallaci in na shiga sahu wasu sukan matsa, wai ni ne mai shinshina kayan mutane. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini galan ɗin nan ne ya kashe injin. Har yau ba wanda ya faɗa.

Da ruwa ya ja baya sosai na je na ɓalle injin daga itacen da gatari da guduma, na kai wa wani bakanike a Tudun Wada. Ya buɗe ya zaro fistin ya miƙo mini. Duk jikinsa zane ne kamar an ja shi a kan dutse, ringin ya narke ya manne. Ya tambaye ni wane maƙiyina ne ya haɗa mini mai. Na sa fistin a aljihu na dawo gida, na sami Yaya a zaure bayan la'asar, na ajiye a gabansa a kan tabarma.

Ya ɗauka ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Na san ya gane, don ba wawa ba ne. Sai ya ajiye ya ce, "To, so kake in kai wa Malam?"

Na ce so nake ya ce na faɗi gaskiya, ko a nan zauren, daga ni sai shi.

Ya ce ko yau aka sake kawo galan ɗin nan a gaban mutane, zai sake juyewa.

Na ce to ni kuma ba zan sake kawo abin da na sha wahalarsa in ajiye inda wani zai juye masa abin da ya ga dama don a ce yana da kunya ba. Ya ce wannan magana ce ta wanda yake son a raba. Na ce haka ne.

Inna ta yi kuka, ta aika aka kira ƙannen mahaifinmu, aka zauna aka tashi ba a gyara komai ba. Da aka girbe 'yar dawar da ta tsira a tudu, aka kira dattawa suka taka gonakin suka kafa iyaka. Fadamar ta faɗo a rabona, tudu a nasa. Aka ja katanga a tsakar gida, na fasa ƙofa ta baya. Muna gaisawa, mun yi wa juna zaman makoki da na suna har ya rasu, 'ya'yanmu suna zumunci. Amma daga wannan kaka gandun gidanmu ya mutu, ni da Yaya Haruna ba mu sake sunkuyawa a kunya ɗaya ba.